Yadda ake shiga tawagar ƙasa a guje-guje da tsalle-tsalle, da abin da ya kamata ka sani tun kafin ranar tantancewa

Mutane da yawa sun ɗauka in dai kana da gudu shikenan, wata rana wani babba daga hukumar wasanni zai hango ka a fili ya ce kai yaro zo nan, sai kawai a miƙo maka rigar ƙasa. Wallahi ba haka abin yake ba. Ƙafa tana da nata aikin, amma akwai takarda, akwai kalanda, akwai gwajin fitsari da jini, akwai wani ma'aikaci a ofis da dole ya cike fom kafin a rufe karɓar sunaye, kuma ko ɗaya a cikinsu aka samu kuskure to wahalar shekara guda ta tashi a banza. Wannan bayanin na ɗan wasa ne da kocinsa, da iyayen da yaransu suka fara nuna alamar ƙafa, mace ko namiji duk ɗaya ne.

Ka fara da sanin wa ke da iko da me. A can sama akwai World Athletics, wadda ake kira IAAF kafin a canza mata suna a 2019, Sebastian Coe ke shugabantarta tun 2015 kuma tana da mambobi sama da 200. Ita ke sa ƙa'idar shiga manyan gasa. A ƙarƙashinta akwai hukumomin nahiyoyi guda 6, sannan hukumar ƙasa, kowace ƙasa guda ɗaya tak, USATF a Amurka, Athletics Kenya a Kenya, JAAA a Jamaika, AFN a Najeriya, haka dai. In gasar duniya ce hukumar ƙasarka ce ke tura sunanka kai tsaye, amma in Olamfik ce sai ta miƙa wa kwamitin Olamfik na ƙasa shi kuma ya shigar. Ofis biyu kenan, ka riƙe wannan don za mu dawo kansa.

Abu na farko ka yi rijista. Ka shiga kulob ko ƙungiyar makaranta da hukumar ta san da zamanta, ka karɓi lasisi ko lambarka ta ɗan wasa. Kuma don Allah sunan da ke jikin fasfo ɗinka shi za ka riƙa ba wa masu rubutu a kowace gasa, harafi da harafi, saboda in yau an rubuta shi wani iri gobe wani iri sakamakonka zai iya rabuwa gida biyu a shafin World Athletics kamar ku biyu ne, sai ka zo kana neman makinka ka rasa rabi. Ranar haihuwa ma guda ɗaya. Rukunin 'yan ƙasa da 18 da na 'yan ƙasa da 20 ana lissafa shi ne da shekarun da za ka kai ranar 31 ga Disamba na shekarar gasar, ba shekarunka na ranar da aka yi gudun ba. Duk wanda ya ce zai rage maka shekaru ka ci gasar yara ba masoyinka ba ne, tun 2017 akwai sashen sa ido kan maguɗi a wasan da ake kira AIU wanda ba ya ƙarƙashin ikon kowace hukumar ƙasa, kuma binciken shekarun bogi yana cikin aikinsa.

Ba kowane lokaci ake karɓa ba

Nan ne yara da yawa ke shan mamaki. Koci ya danna agogon hannu ya ce ka yi 10.1 a mita 100, an yi ta murna, an baza a WhatsApp. To a gajerun gudu ba a karɓar agogon hannu wajen cancantar shiga babbar gasa, sai na'urar lantarki mai haɗe da bindigar tashi da kyamarar layin ƙarshe. Sannan dole a auna iska a mita 100 da 200 da gajeren gudun tsallake shinge da dogon tsalle da tsalle uku, in iskar da ke tura ka ta baya ta wuce mita 2.0 a sakan ɗaya to ba za a lissafa maka sakamakon a matsayin cika ƙa'ida ba, ko da ka tashi sama ne. In babu ma'aunin iskar ma gaba ɗaya, labarin ɗaya ne. Daga 2023 kuma sai gasar tana cikin kalandar World Athletics tun kafin a yi ta, saboda haka kafin ka biya kuɗin mota da masauki ka shiga intanet ka duba sunan gasar yana nan ko babu, aikin minti biyu ne. Takalmi ma yana da doka, akwai jerin waɗanda aka amince da su, kaurin tafin na gudun titi ba ya wuce milimita 40, na cikin fili kuma milimita 20 tun daga Nuwamban 2024.

Ƙofofin shiga babbar gasa biyu ne. Ta farko ka cika ƙa'idar da aka sa a cikin lokacin da aka ware. A Olamfik ta Faris 2024 mita 100 na maza sakan 10.00 aka nema, na mata 11.07, gudun famfalaƙi na maza 2:08:10, na mata 2:26:50, kuma yawancin wasanni an buɗe musu lissafi daga 1 ga Yulin 2023 zuwa 30 ga Yunin 2024. Da gangan ake tsaurara waɗannan lambobi don kusan rabin gurabe kawai ake so a cike ta nan, sauran rabin ta ƙofa ta biyu, wato rankin na duniya.

Shi rankin ɗin nan ya kamata kowane koci ya zauna ya fahimce shi sosai domin nan ne mai dabara ke wuce wanda ya fi shi gudu. Duk gasar da ka yi ana ba ka maki iri biyu a haɗa, makin sakamakon kansa, wato lokaci ko nisa ko tsayi, da makin matsayin da ka zo. Makin matsayin ya danganta da girman gasar, an jera su daga F mafi ƙanƙanta har zuwa A, a samansu kuma akwai manya irin gasar nahiya da Diamond League, wato jerin manyan gasannin gwanaye na duk shekara, da gasar duniya da Olamfik. A yawancin wasanni sakamakonka 5 mafi kyau cikin wata 12 ake ɗauka a fitar da matsakaici, su mita 10,000 da famfalaƙi ba a neman da yawa haka kuma lokacinsu ya kai wata 18. Ka ga kenan wanda ya zo na uku a babbar gasa da lokaci matsakaici zai iya tara maki fiye da wanda ya zabga lokaci mai kyau a wata 'yar ƙaramar gasa da ba kowa. Shi ya sa bai kamata ka raina gasar ƙasa da ta nahiya ba, makinsu na da kauri kuma ba ka buƙatar wani manaja ya roƙa maka layi kafin ka shiga. Kuma in sakamakonka 4 ne kawai a inda ake neman 5, ba ka cikin lissafi sam, komai kyansu.

Ƙasar da ba ta samu ko mutum ɗaya da ya cancanta ba ana ba ta gurbin alfarma, a Faris a mita 100 ko 800 ko famfalaƙi aka bari a yi amfani da shi.

Takardar da kowa ke ƙin karantawa

To ka cika ƙa'ida, madalla, amma har yanzu ba ka shiga tawaga ba. Kowace ƙasa mutum 3 kawai za ta iya sawa a wasa ɗaya, a gasar duniya ne ake iya kai wa 4 in ƙasar na da mai riƙe da kambu ko zakaran Diamond League. In ku bakwai ne kuka cancanta dole a zubar da huɗu, kuma yadda za a zubar ɗin yana rubuce a takardar tsarin zaɓe da hukuma ke fitarwa, galibi watanni kafin gasa. Ka nemo ta, ka buga ta a takarda, ku zauna da kocinka ku bi ta layi-layi da biro a hannu. In hukumarku ba ta fitar ba ku nema a rubuce ta hannun kulob ko wakilan 'yan wasa, haƙƙinku ne, ba rashin kunya ba ne.

Tsarin Amurka shi ne mafi rashin tausayi kuma mafi sauƙin ganewa. Ranar tantancewa na ɗaya da na biyu da na uku su ne tawaga matuƙar sun cancanta, ba ruwan kowa da tarihinka ko zazzaɓin da ka kwana da shi. Dan O'Brien yana zakaran duniya a wasa goma a haɗe ya kasa tsallake ko tsayi ɗaya a tsallen sanda wajen tantancewar 1992, bai je Olamfik ta Basalona ba, sai a Atlanta 1996 ya samu zinarensa. Athing Mu da ta ci zinaren mita 800 a Tokiyo ta faɗi ƙasa a tantancewar 2024, shikenan Faris ta wuce ta.

Amma wanda ya fi nuna bambancin tsari shi ne abin da ya faru a fili ɗaya a dare ɗaya, Landan, 22 ga Yulin 2016. Kendra Harrison mai gudun tsallake shinge na mita 100 ta zo ta 6 a tantancewar Amurka makonni biyu kafin nan, an gama da ita, ba za ta Olamfik ta Riyo ba. A daren nan ta tsallake shingayenta goma ta isa layi, agogon gefen fili ya fara nuna wani lokaci da bai kai ya kawo ba har ta juya za ta tafi, sai aka gyara allon ya nuna 12.20, sabon tarihin duniya, ta durƙushe a ƙasa tana kuka. Duk da haka a gida ta kalli Olamfik. A wannan daren kuma Usain Bolt ya fito gudun mita 200 ya yi 19.89, shi da ya janye daga tantancewar Jamaika saboda ciwon cinya bai ma yi wasan ƙarshe na mita 100 ba, amma tsarin ƙasarsa ya yarda da uzurin likita, gudun Landan ɗin ya nuna ya warke, ya je Riyo ya kwashe zinare. Kafin ka ce Amurka ta yi wauta ka tuna cewa matan nan uku da suka doke Harrison su suka share zinare da azurfa da tagulla a Riyo. Tarihin nata kuma ya zauna har 2022 lokacin da Tobi Amusan ta yi 12.12 a Eugene.

Ni a ganina tsarin Amurka ya dace da ƙasar da ke da gwanaye rututu, wadda ko ta rasa na ɗayanta na huɗunta ma zai iya hawa mumbari. Ƙasar da gwaninta ɗaya ne ko biyu in ta kwaikwayi wannan ta cuci kanta. Shi ya sa Kenya da Birtaniya suka saba bin tsaka-tsaki, na ɗaya da na biyu a tantancewa su wuce kai tsaye in sun cika ƙa'ida, gurbi na uku a bar wa kwamitin zaɓe. Sai dai fa duk inda aka ce an bar wa kwamiti to an buɗe ƙofar surutu, wani lokaci da gaskiya wani lokaci son kai ne. Habasha ta bar Kenenisa Bekele a gida ba ta sa shi famfalaƙin Riyo ba, bayan 'yan makonni ya je Balin ya ci da 2:03:03, har yau ana musu a kai.

Wani abin da ke ba 'yan wasa haushi shi ne hukuma na da ikon ƙin karɓar gurbin da rankin ya ba ka. Birtaniya ta yi haka a Faris 2024, ta sa nata ƙa'idar da ta fi tsauri, wasu 'yan wasanta da World Athletics ta ce sun cancanta suka zauna a gida, hujjarta ita ce waɗanda za su iya kai wa zagayen ƙarshe kawai take son ɗauka. Ni ban yarda da wannan ba, yaron da bai taɓa shiga babban fili ya ji ƙafarsa na rawa ba yaushe zai koyi natsuwa a ciki? Amma ko ka yarda ko ba ka yarda ba, in yana cikin takarda to shi ne doka, gara ka sani tun farkon kaka da ka ji a rediyo.

Abin da za ka ja wa layi a takardar ba shi da yawa. Shin halartar gasar ƙasa dole ce, kuma dole a wasan da kake nema za ka fito ko za ka iya yin wani? Yaushe ake rufe lissafi, don wasu hukumomin na rufe nasu kafin na duniya. In ka ji ciwo wane likita ake yarda da takardarsa kuma cikin kwana nawa za ka kai ta. Akwai sharaɗin shiga sansanin horo, akwai yarjejeniyar da za ka sa wa hannu kan kayan sawa da tallace-tallace. Sannan ka duba yadda ake ɗaukar 'yan gudun miƙa sanda, domin nan ne ƙofar wanda ya zo na huɗu ko na biyar ko na shida take. A Faris ƙasashe 16 ne a kowane gudun miƙa sanda kuma 14 daga ciki a gasar miƙa sanda ta duniya da aka yi a Nassau ta Bahamas suka samu tikiti a watan Mayun 2024, wato wanda ya amsa kiran hukuma ya je can ya yi mata wahala yana da abin faɗa ranar zaɓe.

Gwaji, tun kafin a neme ka

Yawancin mutane tsoron gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari suke yi ta fuska ɗaya, kar a kama ka. Akwai ɗaya fuskar, kar a ƙi gwada ka. AIU ta kasa ƙasashe rukuni-rukuni gwargwadon haɗarin amfani da ƙwaya, kuma ɗan wasan ƙasar da ke rukunin A, wato mafi haɗari, dole a yi masa gwajin ba-zata aƙalla sau 3 a wajen gasa cikin wata 10 kafin Olamfik ko gasar duniya, da tazarar aƙalla mako 3 tsakanin kowanne. A Tokiyo 'yan wasa 20 aka hana fitowa saboda wannan, 10 daga ciki 'yan Najeriya ne, wasunsu sun riga sun isa masaukin 'yan wasa, ba a same su da komai ba, gwajin ne kawai bai cika ba. Ka yi lissafi da kanka, gwaji uku da tazarar mako uku-uku ba zai yiwu a wata ɗaya ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka da zarar ka ga lokacinka ya fara kusantar ƙa'ida, musamman in kana zaune a wata ƙasa kana karatu, ka rubuta wa hukumarka da hukumar yaƙi da ƙwaya ta ƙasarka imel ka ce ga ni, ga inda nake, a sa ni a jerin waɗanda za a gwada. Ka ajiye kwafin imel ɗin da kwafin takardar kowane gwaji.

In aka sa ka a babban jerin gwaji kuma sabon aiki ya same ka. Kullum sai ka ba da awa ɗaya da adireshin da za a same ka, a manhajar ADAMS ta WADA, wato hukumar yaƙi da ƙwaya ta duniya, in ka canza wurin kwana ka gyara kafin lokacin. Kuskure 3 cikin wata 12 daidai yake da laifi, dakatarwa har ta shekara 2. Christian Coleman yana zakaran duniya na mita 100 na 2019 wannan ne ya hana shi Tokiyo. Magani kuwa, ko na mura ne, ka duba shi a jerin WADA na shekarar kafin ka haɗiya, ka gaya wa duk likitan da ya duba ka cewa kai ɗan wasa ne da ake gwadawa, in dole sai ka sha wanda aka hana akwai takardar izini ta musamman da ake nema. Dokar ita ce abin da aka samu a jikinka naka ne, cewa koci ne ya ba ni ba ta wanke kowa. Garin ƙarin ƙarfi da ake sayarwa a gwangwani ya jefa mutane da yawa a masifa don abin da ke ciki ba kullum yake daidai da abin da aka rubuta a jiki ba.

Yanzu mu koma kan ofis biyun nan. An zaɓe ka, an karanta sunanka, kar ka miƙe ƙafa. Ka tambaya a nuna maka an shigar da kai a kowane wasa da ka cancanta, ɗaya bayan ɗaya, tun kafin a rufe. Favour Ofili 'yar Najeriya ta cika ƙa'idar mita 100 ta kuma ci gasar ƙasarta a 2024, sai da aka je Faris ta gano ba a sa sunanta a wannan wasan ba, mita 200 ta yi har ta kai zagayen ƙarshe ta zo ta 6. Fasfo ma ka duba ranar ƙarewarsa, biza kuma a fara nema da wuri.

Wa zai ciyar da kai kana tirenin

Gaskiyar magana hukumomi kaɗan ne ke iya riƙe ɗan wasa ɗari bisa ɗari. Wadda ake yawan misali da ita Birtaniya ce, a Atlanta 1996 zinare ɗaya tak ta samu a duk wasanni ta zo ta 36, daga 1997 aka fara zuba kuɗin cacar ƙasa a wasanni ta hannun UK Sport, a Landan 2012 ta tashi da zinare 29. Tsarinsu hawa-hawa ne, akwai waɗanda ake sa ran lamba yanzu, akwai waɗanda ake sa ran nan da 'yan shekaru, kowane hawa da alawus ɗinsa da likita da mai gyaran jijiya da kuɗin tafiya, kuma duk shekara ana sake dubawa, in ba ka tabuka komai ba a sauke ka. Ƙasashe da yawa sun kwafi wannan, to in taku na da irinsa ka nemi sanin lambar da ake nema a shekarunka da watan da ake zaman tantance sunaye.

Wasu ƙasashen kaki ne ke riƙe 'yan wasa. Marcell Jacobs da ya ci mita 100 a Tokiyo da 9.80 ɗan ƙungiyar 'yan sandan Italiya ne, David Rudisha ɗan sandan Kenya ne, Chioma Ajunwa da ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta 'yar sanda ce a lokacin, Neeraj Chopra na Indiya mai jifan mashi soja ne. Albashi duk wata, lokacin tirenin, da aikin da za ka koma in ƙafa ta gaji, ni ban ga abin rainawa a nan ba ko kaɗan. A Amurka kuwa gwamnati ba ta ba kwamitin Olamfik kuɗi, jami'o'i ne ke renon 'yan wasa da tallafin karatu, kuma ba 'yan ƙasar kaɗai ba. Julien Alfred ta bar Saint Lucia tana 'yar shekara 14 ta je sakandare a Jamaika, daga nan jami'ar Texas, ta dawo wa ƙasarta da lambar Olamfik ta farko a tarihi, zinaren mita 100 a Faris da 10.72. In wannan hanyar kake hari to sakamakon jarrabawarka na da nauyi kamar lokacinka, kar ka yar da littafi.

Akwai kuma tallafin Olympic Solidarity na kwamitin Olamfik na duniya, ta hannun kwamitin Olamfik na ƙasa ake nema ba kai tsaye ba, kuma yawanci hukumar wasanka ce ke ba da suna, ka tambaya don ba kullum ake shelanta shi ba. Kuɗin kyauta na sama ne kawai, zinaren gasar duniya dala 70,000, karya tarihin duniya a can dala 100,000, a Faris kuma World Athletics ta fara ba mai zinaren Olamfik dala 50,000. Kar ka gina rayuwarka a kan wannan. In kamfanin takalmi ya kawo kwantiragi ka ba wanda ya san doka ya karanta maka, musamman wurin da aka ce za a rage kuɗi in ka ji ciwo ko ba ka shiga tawaga ba, kuma manajan da zai wakilce ka ka tabbatar yana da lasisin World Athletics, sunayensu na nan a shafinta.

Ga masu yara ƙanana

Duk ƙasar da ka ga tana fitar da gwanaye ba ƙaƙƙautawa, ka leƙa makarantunta. Gasar sakandaren Jamaika da suke kira Champs tun 1910 ake yin ta, filin wasa na ƙasa a Kingston cika yake yi maƙil saboda 'yan makaranta, yaro ɗan 14 ya riga ya san yadda ihun dubban mutane yake. Bolt daga nan ya fito, yana ɗan 15 ya ci mita 200 a gasar matasa ta duniya a 2002 a gaban mutanensa. A Iten ta Kenya, mai tsayin kusan mita 2,400 daga teku, wani malamin Ailan, Colm O'Connell, ya zo koyarwa a makarantar St Patrick's a 1976 ba tare da ya san komai kan horar da 'yan gudu ba, a hannunsa Rudisha ya bar gajeren gudu ya koma mita 800, inda ya yi 1:40.91 a Landan 2012. Julius Yego kuwa a ƙasar da kowa ke dogon gudu ya nace sai jifan mashi, a YouTube ya riƙa kallon yadda ake yi, daga baya ya samu tallafin zuwa Finlan wajen ƙwararren koci, a 2015 ya zama zakaran duniya da mita 92.72.

Abin da zan ce wa iyaye da kocin yara shi ne kar ku kulle yaro a wasa ɗaya da wuri. Ya yi gudu, ya yi tsalle, ya yi jifa, ya buga ƙwallo, shirin Kids' Athletics na World Athletics ma a kan haka aka gina shi. Yaron da ya riga sa'o'insa girma zai yi ta cin su a shekara 13, a 18 sun kamo shi, shi kuma ƙaramin da aka ƙi kulawa ya riga ya bar wasan, hukuma mai hankali tana duban yadda yaro ke ƙaruwa shekara bayan shekara ne ba kofin bana kaɗai ba. Ku tambayi takardar shaidar kocin, akwai kwasa-kwasan horar da koci hawa-hawa da ake yi ta hannun hukumomin ƙasa. 'Ya mace in tirenin ya yi yawa abinci ya yi kaɗan har al'adarta ta ɗauke, wannan ba alamar ƙoƙari ba ce, a kai ta wajen likita, ƙashi ne ke lalacewa a hankali. Kuma World Athletics ta wajabta wa kowace hukuma ta samar da tsarin kare 'yan wasa daga cin zarafi, ku san wanda ake kai wa ƙara tun kafin a tafi da yaranku sansani.

In an bar ka a baya kana ganin an zalunce ka

Kar ka fara da Facebook. Ka koma takardar nan ka duba sashen ɗaukaka ƙara, wa'adin gajere ne ƙwarai, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu daga sanar da tawaga, saboda su ma ana jiransu su tura sunaye. Ka nemi a ba ka dalilin a rubuce. Kuma ka sani masu sauraron ƙara ba sa sake zaɓe, ba za su ce ai wane ya fi wane gudu ba, abin da suke dubawa shi ne an bi tsarin da aka rubuta ko an tsallake shi, an yi aiki da bayanin da ba daidai ba, ko wani a kwamitin na da alaƙa da wanda aka ɗauka. A kan waɗannan za ka gina ƙararka, da lambar sakin layin da aka karya da kwafin sakamakonka. In ba ta yiwu a gida ba akwai kotun wasanni ta CAS a Lausanne, lokacin Olamfik ma tana buɗe reshe a garin da ake gasar don yanke hukunci cikin sauri.

Wasu in ransu ya ɓaci sai su ce za su canza ƙasa. Ana yi, Winfred Yavi haifaffiyar Kenya ce amma Bahrain ta ci wa zinare a Faris. Sai dai tun 2018 an tsaurara dokar, wanda ya taɓa wakiltar wata ƙasa zai jira shekara 3, ba a yarda ɗan ƙasa da shekara 20 ya canza ba, sau ɗaya ake yi, kuma sai sabuwar ƙasar ta nuna ta ba ka cikakken 'yancin ɗan ƙasa kafin kwamitin World Athletics ya sa hannu. Shekara 3 ɗin nan ka lissafa ta da kalandar gasa a gabanka, don tana iya cinye gasar duniya biyu ko Olamfik guda.